Kaya Gefe Guda

Injin wankin yakan yi komai nasa lafiya lau har sai an zo wajen matse kaya. Zai sha ruwa, ya wanke, ya ɗauraye, ya zubar. Daga nan gangar cikinsa ta fara juyawa a hankali, tana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, har mutum ya sa rai. Sai a ji gum, gum, jikinsa ya girgiza, gudun ya mutu. Ya huta, ya juya hagu, ya juya dama, ya sake gwadawa. In ya gaji da gwaji sai ya yi wani ɗan juyi na jeka-na-yi-ka, ya kunna fitilarsa wai ya gama aiki.

Direba yana tsaye a kansa a lungun kicin, tafin hannunsa a bisa murfin, kamar yadda yake dafa goshin mota a da don ya ji abin da ke damunta. Ya bar tuƙin manyan motoci da jimawa, amma sunan bai bar shi ba. Ya buɗe ƙofar injin, ya jawo abin da ke ciki, ruwa ya biyo shi shaa har kan silifas ɗinsa.

"Ya yi?" Muryar matarsa ce daga uwar ɗaki. Tun da ɓarin jikinta ya shanye maganarta take fitowa a hankali, kalma na jiran kalma, amma kaifin bakin yana nan.

"Ya kusa."

"Jiya ma ya kusa. Kai da injin nan ba ku da bambanci, Direba. Sai ƙugi, babu tafiya."

"Fasinja ba ta sa baki a harkar inji."

Fasinja yake kiranta tun suna da ƙuruciya, zamanin da yake ɗaukarta a gaban mota tana gyangyaɗi, in ta farka ta ce ya rage gudu ko da motar a tsaye take. Ya ji ɗan sautin dariyarta, sai ya ji sanyi a ransa. Ya sunkuya ya tattara abin a bokiti, ya rufe da murfi.

Abin da ke cikin bokitin shimfiɗa ce mai kauri, samanta auduga, ƙasanta roba, irin wadda ake sa wa marar lafiya don kada katifa ta jiƙe. Shi ya sayo ta da kansa a wani kantin magani mai nisa da unguwarsu, inda babu wanda ya san shi. Ya sayo biyu, ɗaya na kan gado ɗaya na shanya. Ciwon ya kai inda Fasinja ba ta iya riƙe fitsari, wani lokacin ma ba ta sanin ya fito. Ranar farko da abin ya faru ba ta yi kuka ba. Ta juya fuska bango, ta ce, "Ka rufa mini asiri. Ko Auta kada ta ji."

Ya ce mata to. A rayuwarsa bai taɓa yin alkawarin da ya fi wannan gajarta ba, ko wanda ya fi shi nauyi.

Auta ita ce 'yarsu da ke gari ɗaya da su, sauran duk sun yi nisa. Tana aiki, tana da miji da yara, gidanta yana can ɗaya gefen garin. Tun ranar da aka sallamo mahaifiyarta daga asibiti ta so ta wuce da ita gidanta, iyayen suka ƙi. Ta haƙura, amma ta kafa sharaɗi a bakin ƙofa, mayafi a kafaɗa. "Baba, na bar ta ne don ka ce za ka iya. Ranar da na ga abin ya fi ƙarfinka, ba zan tambayi kowa ba, ɗaukarta zan yi." Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya san za ta aikata.

Saboda haka Direba ya tsara aikinsa. Da zarar shimfiɗar ta jiƙe sai ya sauya wa Fasinja kaya, ya goge mata jiki, ya naɗe shimfiɗar da zanin gadon a cikinta kamar ƙunshi, ya jefa a inji nan take. Ba ya jira wanki ya taru, ba ya haɗa ta da komai. Wani ɓangare don kada wari ya zauna a gidan ne, wani ɓangaren kuma, a ganinsa, abin da aka ce a ɓoye bai kamata ya cakuɗu da rigunan da za a sa a fita ba. Ita kaɗai take shiga, ita kaɗai take fitowa.

Da rani ne da abin bai dame shi ba, rana za ta gama masa aikin. Amma damina ce, irin mai naci, wadda sama ke kwana a rufe ta wuni a rufe. Barandar gidansu a bene take, ƴar siririya, iska na kaɗo ruwa har bango. Shimfiɗa ta fito tana ɗiga, ta wuni a igiya, yamma ta yi tana nan da sanyinta. Ya gwada matsewa da hannu, yatsunsa da sitiyari ya riga ya cinye suka ƙi. Ya koma shanya a falo, a bayan kujeru, ya kunna fanka a kai. Gidan ya ɗauki wani wari na danshi wanda turare ba ya kashewa, sai dai su haɗu su zama wari biyu.

Mutumin da ya yi shekaru yana kwana ƙarƙashin mota ba ya kiran mai gyara da wuri. Ya shimfiɗa tsumma a ƙasa, ya durƙusa da ƙyar, ya kwance ɗan murfin da ke ƙasan injin inda datti ke taruwa. Ruwa mai duhu ya fito, da maɓallin riga, da wata ƙaramar allurar ɗankwali da ta yi tsatsa. Ya riƙe ta a tafin hannu ya daɗe yana kallo, don ya san ta wace ce, kuma ya san rabonta da ɗaura ɗankwali da hannunta. Ya wanke wurin ya mayar. Ya ja injin daga bango, ya duba tiyon da ke fitar da ruwa ko ya lanƙwashe, ya busa shi, babu abin da ya toshe. Ya ɗora kofin ruwa a kan murfin don ya ga ko injin ya karkace, ya murɗa ƙafafunsa har ruwan ya tsaya daidai. Ya kwance bayan injin ya taɓa bel ɗin da ke jan gangar, ya danna shi da babban yatsa. Bai saki ba, bai tsage ba.

"Ka same shi?" in ji Fasinja da ya shigo yana goge hannu.

"Na sami allurarki."

"Ashe ni ce na lalata shi."

"Dama na zargi haka."

Washegari injin ya sake yin gum, gum, ya mutu.

Wani maƙwabci ne ya haɗa shi da mai gyara, wani mutum mai ƙiba da yawan magana wanda kowa ke kira Injiniya. Kafin ya iso Direba ya kwashe shanyar falo, ya cusa jiƙaƙƙiyar shimfiɗar a bokiti, ya tura bayan ƙofar banɗaki, ya ja ƙofar uwar ɗaki.

Injiniya ya hau benen yana haki, jakar kayan aiki a kafaɗa. "Baba, ku da kuke zama a sama Allah ya ba ku lada. Ina marar lafiyar?"

Direba ya dubi ƙofar uwar ɗaki kafin ya gane injin ake nufi. Ya nuna masa lungun kicin.

Mutumin ya san aikinsa. Ya tura hannu ya juya gangar, ya kasa kunne ko zai ji ƙara. Ya danna ta ƙasa ya sake ta, ya ga ba ta yin tsalle. Ya kwance motar lantarkin da ke juya gangar ya duba gawayin da ke ba ta wuta, ya ce da sauran ƙarfinsu. Duk inda ya taɓa sai ya ga alamar an riga shi.

"Wa ya kwance nan?"

"Ni."

"A'a. Baba ashe ɗan gida ne. To me ya rage mini, in zauna in sha shayi?"

Ya kunna injin babu komai a ciki, ya sa shi a matsa. Gangar ta tashi, ta ƙara, ta ƙara, har ta koma wani siririn fito kamar jirgi zai tashi. Direba ya tsaya baki buɗe. Injiniya ya ce a kawo kaya a gwada. Direba ya kawo rigunansa da wanduna da ƴan tsummokin kicin, suka jiƙa su suka zuba. Injin ya matse su tsaf, suka fito da ɗan danshi kawai.

"Ka gan shi nan," in ji Injiniya. "Irin yaron nan ne da ke kukan ciwon ciki, in an kai shi gaban likita ya nemi abinci. Me kake wankewa a ciki in zai yi maka gardamar?"

"Kaya."

"Wane irin kaya?"

"Kayan gida."

Injiniya ya dube shi, ya dubi rufaffiyar ƙofar ɗakin, ya shaƙi iskar falon. Ya ɗaure jakarsa. "To, Baba. Ni dai ban ga ciwo ba, ba kuma zan sauya maka abin da bai lalace ba. In ya sake, ka kira ni tun kayan na ciki, kada ka fitar."

Injin ya sake, ba sau ɗaya ba. Direba bai kira ba.

Ruwa ya ci gaba da sauka. Akwai safiyar da shimfiɗun biyu duk suka kasance a jiƙe, ya ninka tsofaffin zannuwa ya sa mata, suka jiƙe har katifa. Akwai ranar da ya shimfiɗa mata wadda ya ga kamar ta bushe, ya taɓa da bayan hannu ya ce wa kansa sanyin gari ne kawai. Fasinja ba ta yi ƙorafi ba. Ɓarin da ya shanye ba ya jin sanyi, ba ya jin zafi, shi ya sa ba ta san abin da ke faruwa a can ba. Shi ne ya gani. Yana juya ta don ya goge mata baya sai ya ga wani wuri a ƙugunta ya yi ja, faɗinsa kamar bakin kofi. Ya shafa mai. Bayan kwanaki wurin ya yi duhu. A asibiti an gargaɗe shi game da wannan, an ce danshi da kwanciya wuri guda su ke kawo gyambo, kuma gyambon kwanciya ba ya jin lallashi.

"Me kake kallo haka?" ta tambaye shi, fuskarta na bango.

"Ba komai. Tayar baya nake dubawa."

"Ta yi faci?"

"Da sauran tafiya a jikinta."

Safiyar Asabar ɗin da Auta ta zo, fatar wurin ta riga ta buɗe. Ƙarami ne, amma ya buɗe. Direba ya wanke shi, ya rufe da auduga, ya ja zani a kai. Yana cikin kwashe shanyar falo ya ji takun mutum biyu a bene, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai haki.

"Baba, ga mai gyara nan na haɗu da shi a ƙasa," in ji Auta tana ajiye ledojin cefane. "Maƙwabcinku ya ce injinku ya lalace. Me ya sa ba ka gaya mini ba? Na ce ya hawo mu gama da shi yau." Ta tsaya, ta ɗan yatsina hanci. "Gidan nan danshi yake yi."

"Damina ce."

"Gidana ma damina ce."

Ta shiga ta gaida mahaifiyarta, ta fito ta tsaya a ƙofar kicin, hannu a harɗe. Injiniya ya sake kunna injin babu kaya, ya yi fitonsa na jirgi kamar yana tsokana.

"Kin gani, Hajiya, haka ya yi mini wancan karon. Lafiyarsa ƙalau a gabana." Ya juya ga Direba, ya sassauta murya. "Baba, ni ba boka ba ne. Sai na ga abin da yake ƙi kafin in san dalilin ƙin. Ka kawo mini ainihin abin da kake sakawa, yadda kake saka shi. In ba haka ba zan yi ta hawa benen nan har ƙibata ta zube, ba abin da zai sauya."

"Kawo masa mana, Baba," in ji Auta. "Mene ne a ciki?"

Direba ya ce yana zuwa. Bai nufi banɗaki ba, uwar ɗaki ya shiga, ya tura ƙofar. Fasinja tana kwance yadda ya bar ta, idonta a kansa. Gidan ƙarami ne, ta ji komai.

Ya zauna a bakin gadon. Ya so ya ce mata injin zai iya jira, ya so ya ce zai sayo shimfiɗa ta uku da ta huɗu, ya so ya ce damina ta kusa wucewa. Amma ya ga gyambon da idonsa da safen nan.

"Akwai abin da ban gaya miki ba," ya ce. "Ƙugunki ya buɗe. Danshin ne."

Ta rufe ido. Can ta ce, "Babba ne?"

"Ƙarami. Amma ba zai tsaya ƙarami ba."

"In ka nuna musu, ɗauke ni za ta yi."

"Na sani."

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi."

Ruwa na bugun taga. A kicin Injiniya yana ba Auta labarin wata mata da ta wanke takalman mijinta a inji, Auta ba ta dariya. Fasinja ta motsa hannunta mai lafiya, ta lalubo gefen rigarsa ta riƙe.

"Ranar wanka ba a ɓoye cibi," ta ce. "Je ka. Amma kai ka ɗauko da hannunka, kada ita ta taɓa."

Ya ɗauko bokitin daga bayan ƙofar banɗaki, ya kawo kicin, ya cire murfin. Bai kalli Auta ba. Ya ɗaga ƙunshin kamar yadda ya saba, shimfiɗar roba a waje, zanin gado a ciki, ya tura a gangar, ya rufe. Ya kunna shi. Injin ya zubar da ruwa, ya fara juyi, ya ƙara sauri. Gum, gum. Jikinsa ya girgiza har cokulan da ke kan kantar kicin suka amsa. Gudun ya mutu.

Injiniya ya durƙusa ya leƙa ta gilashin ƙofar. Da ya yi magana, babu sauran wasa a muryarsa.

"Zo ka gani, Baba. Ka ga yadda ya dunƙule wuri guda? Robar nan ba ta barin ruwa ya wuce, sai ta zama jaka, ta riƙe shi a ciki. Ga zanin ma ya sha ruwa a tsakiya. Duk nauyin yana gefe ɗaya, ɗaya gefen babu komai. Injin yana jin haka. In ya ji kayan sun rinjaya, ba zai yarda ya yi gudu ba, don kada ya farfasa kansa. Shi ya sa yake juya hagu da dama, nema yake ya baje kayan, to abu guda ne, me zai baje?" Ya ɗago. "An ce mini manyan motoci ka tuƙa. In aka jibge maka kaya gefe guda, za ka taka mai?"

Direba ya leƙa gangar. Ya tuna yadda yake zagaya mota kafin ya tashi, yana faɗa da masu lodi, yana sa su sauke su sake jerawa, yana ce musu gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya duba bel, ya duba tiyo, ya duba ƙafafu, bai taɓa duba lodin ba.

"Ba zan taka ba," ya ce.

"To shi ma direba ne."

Injiniya ya nuna masa yadda zai yi. Shimfiɗar roba ba ta son matsa ko kaɗan, a wanke ta a hankali a rataye ta ta tsane da kanta, robar a sama. Zanin gado kuma a ware shi, a haɗa shi da tawul biyu ko uku don nauyin ya zagaya gangar. Suka yi haka nan take. Injin ya tashi, ya ƙara, ya ƙara, ya kama fitonsa, zanin ya fito da ɗumi, kusan a bushe. Direba ya riƙe shi a hannu. Abin da ya hana shi barci duk daminar nan, tawul uku ne maganinsa.

Injiniya ya tattara kayansa da sauri, ya yi wa mai jiki addu'a daga bakin ƙofa ba tare da ya leƙa ba, ya sauka.

Auta tana nan inda take. "Tun yaushe?" ta ce.

"An ɗan jima."

"Kai kaɗai kake ɗaga ta, kake sauya mata?"

"Ba ta da nauyi."

"Baba." Ta wuce shi ta shiga uwar ɗaki, ta rufe ƙofar. Ya zauna a kujerar kicin, zanin a cinyarsa. Ya ji maganarsu ƙasa-ƙasa, ya ji shiru, sannan ya ji Auta ta ja numfashi da ƙarfi, ya san ta ɗaga audugar.

Da ta fito idonta ya yi ja. Ta durƙusa a gabansa kamar tana ƙarama. Ba ta zarge shi ba, da ma ta zarge shi da ya sami abin cewa.

"Na san ka yi iya yinka," ta ce. "Amma wurin nan yana bukatar a wanke shi kullum, a riƙa juya ta dare da rana. Kusa da ni akwai asibiti, akwai mai zuwa gida ta duba. Kai ma ka rame, ba ka gani ne."

"Injin ya gyaru," ya ce. "Kin gani da idonki. Yanzu komai zai riƙa bushewa."

"Na gani, Baba."

"Dama ba lalacewa ya yi ba."

"Na sani."

Ta ce ya zo su tafi tare, a gyara masa falo. Ya girgiza kai. Ya san gidan, ɗaki biyu ne, yara za su koma falon don a ba kakarsu nasu. Ba zai je ya ƙara wa surukinsa nauyi ba, ya kwanta a tsakiyar gida ana tsallake shi. Ya ce zai riƙa zuwa kullum.

Da rana mijin Auta ya zo da mota. Shi da maƙwabci suka sauko da Fasinja a kan kujera, Direba na biye da su yana cewa a bi a hankali a kwana, a ɗaga gefen hagu. Da aka zaunar da ita a baya aka jera mata matasai, ya sunkuya ya gyara mata mayafi.

"Yau wani direban ne zai ja ni," ta ce.

"Ki ce masa ya rage gudu."

"Zan gaya masa." Ta dube shi. "Ka ci abinci. Kada ka tsaya kana hira da injin nan."

Motar ta fita daga layin a hankali, tana kauce wa ramukan ruwa. Ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya hau benen.

Ya cika alkawarin zuwa. Mota biyu yake shiga kafin ya kai, ya zauna kusa da gadonta har la'asar, ya dawo. Gyambon bai ƙaru ba, bai kuma rufe ba tukuna. A can Fasinja ba ta yawan magana. Akwai jikoki, akwai mai duba ta, akwai masu shiga da fita, kowa ya san abin da ke ƙarƙashin zaninta, kowa na yi mata kirki. In an zo sauya mata kaya sai a ce, "Baba, ɗan ba mu wuri," ya fita ya tsaya a baranda kamar baƙo.

Gidansu ya bushe. Warin danshi ya tafi, kujerun falo suka koma kujeru. Wata safiya ya ga ba shi da abin wankewa sai babban tawul ɗinsa da riga ɗaya. Ya zuba su a injin, ya tsaya a kansa don sabo. Aka zo matsa. Gangar ta tashi, ta ƙara sauri, sai gum, gum, ta mutu. Ta juya hagu, ta juya dama.

Wannan karon bai ɗauko sifana ba. Ya kashe injin, ya shiga uwar ɗaki, ya buɗe durowa. Tawul ɗinta guda biyu suna nan a ninke, masu tsabta, Auta ba ta tafi da su ba. Ya kai su famfo ya jiƙa su, ya ware su, ya sa ɗaya nan ɗaya can a cikin gangar, ya rufe, ya kunna.

Injin ya tashi sumul. Ya dafa murfin, yana jin gudun na ratsa tafin hannunsa har kafaɗa, babu girgiza, babu gardama. Fiton ya cika gidan, ya shiga ɗakin da babu kowa. Ya ɗan juya kai wajen ƙofar, kamar mai jiran a tambaye shi ko ya yi.

Da injin ya tsaya ya fitar da kayan, ya shanya tawul ɗin uku a jere a igiyar baranda. Ruwa ya ɗan tsagaita. Ya ɗauki lemarsa, ya kulle ƙofa, ya sauka ya nufi bakin titi, inda zai jira motar farko.